Yadda Ake Zaɓen Maganin Sauro na Shafawa Mai Aiki da Gaske

Gidan sauro yana kare mutum ne daga lokacin da ya shiga cikinsa har zuwa lokacin da ya fito. Amma tsakanin sallar magariba da kwanciya akwai sa'o'i uku ko huɗu da akasarin jama'a ke yi a tsakar gida, ko a majalisa, ko a bakin sana'a, kuma akwai waɗanda a waje suke kwana ɗungurungum, kamar masu gadi, da masunta, da masu ban ruwa a fadama, da direbobin da ke jiran lodi a tasha. Waɗannan sa'o'i su ne maganin sauro na shafawa yake rufewa. Matsalar ita ce kantuna cike suke da kwalabe da gwangwanaye masu hoton sauro a jiki, wasu suna aiki na tsawon sa'o'i takwas, wasu kuwa ƙarfinsu ba ya kai minti 20, kuma tsada ko ƙamshi ko kyan kwali ba sa nuna wanne ne na gari. Abin da ke nunawa shi ne sinadarin da ke ciki da kuma yawansa, kuma duk wanda ya iya duba waɗannan biyun ba za a sayar masa da turare da sunan magani ba.

Lamarin ba na wasa ba ne a ƙasar Hausa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙiyasta cewa a shekarar 2023 an samu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro sau miliyan 263 a duniya, mutum 597,000 kuma suka rasu. Najeriya kaɗai ta ɗauki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da kusan kashi 31 cikin 100 na waɗanda suka rasu, Nijar kuma tana cikin ƙasashe huɗu da suka haɗa fiye da rabin mace-macen, kuma yawancin waɗanda ake binnewa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Mataki na farko: a san lokacin da ake buƙatar kariya

Kafin a je kemis, mutum ya fara tambayar kansa inda sauro ke samunsa da kuma tsawon lokacin da yake yi a wurin, domin amsar ita ce za ta yanke irin maganin da zai saya. Sauron da ke yaɗa maleriya, wato anofilis, da dare yake cizo, daga faɗuwar rana zuwa asuba, kuma ya fi son ƙafa da idon sawu saboda warin da ke fita daga nan yana janyo shi. Akwai kuma wani sauro baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu, wanda masana ke kira Aedes aegypti, da ke cizo da rana, musamman da hantsi da kuma bayan la'asar. Shi ne ke ɗauke da zazzaɓin shawara da zazzaɓin dengi, yana kuma hayayyafa a ruwan randa da tsofaffin tayoyi da gwangwanayen da ruwan sama ya taru a ciki. An samu ɓarkewar shawara a jihar Bauci a shekarar 2019, an kuma tabbatar da dengi a Sakkwato a ƙarshen 2023, don haka cizon rana ma ba abin rainawa ba ne, kuma gidan sauro ba ya taimakon wanda aka ciza yana zaune a shago.

Wanda zai yi hira ta sa'a biyu a ƙofar gida buƙatarsa daban take da ta mai gadi da zai kai asuba, ko manomin shinkafa a Kadawa ko Bakalori da zai wuni ƙafarsa cikin ruwa yana zufa.

Mataki na biyu: a karanta sunan sinadarin

Nan ne zaɓin yake, saboda haka ya dace a tsaya a kansa. A bayan kowace kwalba ta gaskiya akwai wurin da aka rubuta "active ingredient" da Ingilishi, ko "substance active" da Faransanci ga kayan da ake samu a Nijar da Kamaru da Cadi, sannan sunan sinadari ya biyo baya tare da adadinsa cikin 100. Sinadarai huɗu ne aka fi gwadawa aka kuma tabbatar da aikinsu.

Na farko shi ne DEET. Ma'aikatar noma ta Amurka ce ta samar da shi domin sojoji, waɗanda suka fara amfani da shi a 1946, aka kuma yi masa rajistar sayarwa ga jama'a a 1957. Tun daga lokacin, da shi ake auna kowane sabon magani, kuma babu wanda aka daɗe ana bincike a kansa kamarsa. Yana korar anofilis da sauron rana da kaska da ƙananan ƙwari masu cizo. Aibinsa shi ne yana da maiƙo da wari mai ɗan ƙarfi, kuma yana cin roba: zai iya ɓata firam ɗin tabarau, da fuskar agogon roba, da carbin roba, da murfin waya, da wasu yadudduka na roba, amma ba ya taɓa auduga. Wasu mayukan da ake shigowa da su daga Indiya, kamar Odomos, suna ɗauke da wani sinadari ɗan uwansa mai suna diethyl benzamide, don haka idan aka ga wannan suna a san cewa dangi ɗaya ne, ko da yake ba shi ne ainihin DEET ba.

Na biyu shi ne picaridin, wanda a wasu kwalabe ake rubuta shi icaridin. Kamfanin Bayer na Jamus ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980. Kusan ba shi da wari, ba ya danƙo a fata, ba ya kuma cin roba. An gwada shi a ƙauyukan Burkina Faso tare da DEET da IR3535, aka wallafa sakamakon a 2004, kuma shi ne ya fi sauran daɗewa yana korar anofilis. Wannan gwaji yana da muhimmanci a gare mu saboda irin sauron da ke can shi ne irin wanda ke Katsina da Maraɗi. A ganina, wanda ya samu picaridin mai kashi 20 cikin 100 a farashin da zai iya, ya ɗauke shi, domin maganin da ba ya damun mutum a jiki shi ne zai riƙa shafawa kullum, wanda kuwa yake ƙyamar warinsa zai ƙare ne a kan taga ƙura ta rufe shi. Wahalarsa ita ce ba kowane kemis ke da shi ba, sai manyan kantunan magani na birane.

Na uku shi ne IR3535, na kamfanin Merck na Jamus. Yana da sauƙi a fata, sai dai yana yi wa ido zafi idan ya shiga, kuma idan adadinsa ya yi ƙasa ba ya daɗewa. A nemi mai kashi 20.

Na huɗu daga tsiro ake samunsa, kuma a nan ne ake yawan ruɗar masu saye. Ana tace man wata irin bishiyar zaiti mai ƙamshin lemun tsami har sinadarin da ake kira PMD ya yawaita a cikinsa, a sayar da shi da sunan "oil of lemon eucalyptus", ko Citriodiol. Mai kashi 30 yana iya kai sa'o'i shida. Amma ɗanyen man wannan bishiya da ake sayarwa a ƙananan kwalabe domin ƙamshi ba a tace shi haka ba, PMD ɗin da ke cikinsa kaɗan ne, kuma ba a gwada shi a matsayin maganin sauro ba. Sunayen sun yi kama, aikin kuwa ya sha bamban, saboda haka a nemi haruffan PMD a rubuce.

Kwalbar da ba ta faɗi sinadarinta ba, ko ta faɗi suna ba ta faɗi adadi ba, a mayar da ita inda aka ɗauko ta ko da mai shago ya rantse a kanta.

Mataki na uku: a daidaita adadi da sa'o'i

Mutane da yawa suna zaton cewa magani mai kashi 50 ya ninka mai kashi 25 ƙarfi. Ba haka ba ne. Adadin yana nuna tsawon lokacin da kariyar za ta yi ne, domin sinadarin yana tashi daga fata a hankali kamar tururi, kuma idan ya ƙare kariya ta ƙare. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bayyana cewa DEET mai kashi 10 yana karewa na kimanin sa'o'i biyu, mai kashi 30 kuma kimanin biyar. Daga kashi 50 zuwa sama ƙarin da ake samu bai taka kara ya karya ba, don haka babu dalilin biyan kuɗin mai kashi 90 ko 100. Picaridin mai kashi 20 yana kai sa'o'i takwas ko fiye.

A wurin da maleriya ta yi katutu, abin da ya fi dacewa ga babba shi ne DEET mai kashi 20 zuwa 30, ko picaridin mai kashi 20. Mai gadi da mai kwana a gona za su iya hawa zuwa DEET mai kashi 50. Sai dai a tuna cewa sa'o'in da aka rubuta a kwali an auna su ne a yanayi mai sauƙi, kuma zafi da zufa da ruwan sama da gogar tufa duk suna rage su. A cikin zafin bazara, ko a daren damina mai gumi, a ɗauka cewa lokacin zai gaza abin da aka rubuta. Alamar da ba ta ƙarya ita ce sauro ya fara sauka a fata: idan ya fara, lokacin sake shafawa ya yi.

Mataki na huɗu: a duba wanda za a shafa wa

Jaririn da bai kai wata biyu ba, ba a shafa masa kowane irin maganin sauro. Kariyarsa ita ce tufa mai rufe hannu da ƙafa da kuma gidan sauro a kan shimfiɗarsa, dare da rana. Daga wata biyu zuwa sama ana iya amfani da DEET da bai wuce kashi 30 ba, ko picaridin, ko IR3535, amma a bi abin da kwalbar ta ce game da shekaru, domin wasu kamfanoni suna ɗaga iyakar sama da haka. PMD kuwa, duk da cewa daga tsiro yake, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kada a shafa wa yaron da bai kai shekara uku ba. Iyaye su lura da wannan, domin kalmar "na gargajiya" ko "na tsiro" tana sa mutum ya saki jiki inda bai kamata ba.

Mai juna biyu ta fi kowa buƙatar kariya, kuma ita ce aka fi tsoratarwa. Wani bincike da aka yi a Gambiya aka wallafa a shekarar 2000 ya gano cewa anofilis yana zuwa wurin mai ciki ninki biyu na yadda yake zuwa wurin wadda ba ta da ciki, saboda numfashinta ya fi yawa kuma jikinta ya fi ɗumi. Maleriya a lokacin ciki tana jawo ƙarancin jini da ɓari da haihuwar jariri marar nauyi. A kan iyakar Tailan da ƙasar Myanmar (Bama) an bi mata kusan 900 masu ciki, wasunsu suna shafa DEET mai kashi 20 kowace rana daga wata na huɗu zuwa haihuwa, ba a kuma ga wata illa a jikinsu ko a jariransu ba. Mai shayarwa ma za ta iya shafawa, sai dai ta kauce wa ƙirji, ta kuma wanke hannu kafin ta ɗauki jariri ta ba shi nono.

Wanda fatarsa ke saurin ƙaiƙayi ya fara ɗiga kaɗan a cikin damtse ya jira, idan wurin ya yi ja ko ya yi ƙuraje ya wanke da sabulu ya sauya wani sinadarin.

Mataki na biyar: abubuwan da ba su cancanci kuɗin mutum ba

A shekarar 2002 wasu masana biyu a Amurka, Mark Fradin da John Day, sun gwada magunguna iri-iri ta hanyar sa hannun mutane cikin kejin sauro suna ƙirga lokacin da za a yi cizon farko. DEET mai kusan kashi 24 ya kare na kimanin sa'o'i biyar. Mayukan citronella, wato man ciyawa mai ƙamshin lemu, ba su kai minti 20 ba. Awarwaron roba da ake ɗaurawa a wuyan hannu kuwa bai hana cizo ko na minti ɗaya ba, saboda maganin shafawa yana kare wurin da ya taɓa ne kawai, ba ya yi wa jiki katanga. Haka nan na'urorin da ake cewa suna fitar da ƙara mai korar sauro, an tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansu a 2007 aka ga ba sa rage cizo ko kaɗan. Cin tafarnuwa ko shan ƙwayar bitamin B ma an gwada, ba su yi aiki ba.

Game da abin da muka gada, wato turara ganyen darbejiya, ko ɓawon lemu, ko daddoya, ko ajiye sarakuwar sauro a ɗaki, gaskiya ne hayaƙi da ƙamshin waɗannan tsirrai suna rage sauro na ɗan lokaci, kuma wanda ba shi da wani abu ba za a ce ya bari ba. Amma da zarar hayaƙin ya lafa sauro ya dawo, kuma anofilis ya fi cizo a tsakiyar dare lokacin da garwashin ya daɗe da mutuwa. Kada a dogara da su wajen kare yaro ko mai ciki.

Akwai abu ɗaya da ya wuce rashin amfani ya kai ga haɗari, shi ne fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari masu ɗauke da dichlorvos. Wannan guba ce ta gona wadda ke shiga jiki ta fata da numfashi, kuma a 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta hana sayar da ƙananan kwalabenta a kasuwanni da kantuna. Ba a shafa ta a jiki, ba a zuba ta a man shafawa, ba a yayyafa ta a shimfiɗa. Haka ma maganin fesawa na gwangwani da ake kashe sauron ɗaki da shi, na iska ne da bango, ba na fata ba.

Mataki na shida: a tabbatar ba jabu ba ne

A saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC a Najeriya ko ta hukumar magunguna ta ƙasar da mutum yake, da sunan kamfani da adireshinsa, da ranar ƙarewar aiki, a kuma tabbatar murfin bai taɓa buɗuwa ba. Kwalbar da ta wuni a rana a kan tiren mai talla, ko wadda aka ɗura daga wata babba ba tare da takarda ba, a bar ta.

Mataki na bakwai: shafawa yadda ya kamata

Magani mai kyau yana iya kasa aiki saboda yadda aka shafa shi. A shafa shi siriri amma ya game duk fatar da ke waje, domin sauro yana gano ɗan wurin da aka tsallake ya ciji nan. Wuraren da aka fi mantawa su ne idon sawu, da bayan ƙafa, da tsakanin yatsun ƙafa ga mai silifa, da gwiwar hannu, da ƙeya, da bayan kunne. Ba a shafawa a ƙarƙashin tufa, ko a kan rauni, ko ƙurji, ko fatar da ta tsage. Idan na fesawa ne kada a fesa a fuska kai tsaye, a fesa a tafin hannu sannan a shafa a goshi da kumatu, a kauce wa ido da leɓe, kuma a yi feshin a fili nesa da abinci da wuta, domin da yawansu suna kama wuta. Wanda ke shafa man jiki ko man kariya daga rana ya fara da shi, ya bari ya shiga fata, sannan maganin sauro ya zo a sama.

Yaro ba a ba shi kwalba ya shafa da kansa. Uwa ko uba su zuba a hannunsu su shafa masa, su bar tafin hannunsa da yatsunsa saboda yana kai su baki da ido. Babba ma ya wanke tafin hannu da sabulu bayan ya gama, tunda da hannu muke cin tuwo.

Akwai wani abu da kwalaben da aka yi a Turai ba za su faɗa ba, shi ne alwala. Gaɓoɓin da ake wankewa, wato fuska da hannaye zuwa gwiwa da ƙafafu, su ne daidai wuraren da sauro ke samu, kuma ruwa yana tafiya da maganin. Wanda ya shafa kafin magariba sannan ya sake alwala domin isha'i ya wanke kariyarsa a daidai lokacin da anofilis ke fitowa. Tsarin da ya fi shi ne a yi alwala, a bari jiki ya bushe, sannan a shafa, kuma duk lokacin da aka sabunta alwala a sabunta shafawar a gaɓoɓin da ruwa ya taɓa. Masu tsayuwar dare a harabar masallaci cikin azumi su riƙe wannan sosai. Idan an shiga ɗaki za a kwanta cikin gidan sauro, a wanke maganin da ruwa da sabulu, musamman a jikin yara.

Abin da ke tafiya tare da shafawa

Tufa mai kauri kuma sakakkiya, mai dogon hannu, tare da safa, tana rage fatar da za a shafa wa magani, don haka kwalba ta fi daɗewa. Sauro yana iya cizo ta cikin yadi marar kauri da ya manne a jiki. Akwai maganin permethrin mai rabin kashi ɗaya cikin 100 da ake fesa wa tufa a shanya ta bushe kafin a sa, yana kuma jure wanki kamar sau shida. Na tufa ne kawai, yana iya kashe kyanwa idan ta taɓa shi yana jiƙe, kuma sauron yankinmu da yawa ya fara jure irin wannan sinadari, saboda haka taimako ne a kan shafawa, ba madadinta ba. Fanka ma tana taimakawa idan akwai wuta, domin sauro ba ya iya tashi da kyau cikin iska mai ƙarfi.

Igiyar leko, wato maganin sauro na kunnawa, tana rage cizo a tsakar gida ko a rumfa, amma wani bincike na 2003 ya nuna cewa ƙurar hayaƙin da guda ɗaya ke fitarwa ta kai ta taba sigari 75 zuwa 137. Kada a kunna ta a rufaffen ɗaki da yara ko mai asma ke kwance, kuma a nisanta ta daga katifa da labule. A shekarar 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wasu faifai da ake maƙalawa a bango suna sakin sinadarin transfluthrin a hankali ba tare da wuta ko hayaƙi ba, a matsayin ƙari a kan gidan sauro.

Ita dai hukumar ba ta ɗauki maganin shafawa a matsayin hanyar rage maleriya a gari baki ɗaya ba, kuma babban dalili shi ne mutane ba sa shafawa kowane dare ba fashi. Kariya ce ta mutum ɗaya, a daren da ya shafa, a wurin da ya shafa. Saboda haka gidan sauro mai magani yana nan a matsayinsa, haka ma maganin rigakafin da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 a watannin damina, da wanda ake ba masu ciki a wurin awo. Duk wanda zazzaɓi ya kama, ko da bai taɓa fashin shafawa ba, ya je a yi masa gwajin jini a ranar, yaro ƙarami da mai ciki kuwa kada a bari su kwana ba a gwada su ba.